Mai Raɓa: Mutumin da Bai Taɓa Fuskar Dinarinsa Ba

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayin, wanda jama'a suka fi sani da laƙabin Mai Raɓa, a shekarar 1934, a unguwar maƙera ta wani tsohon gari da ke bakin kogi, a gidan da ƙarar guduma kan riga carar zakara tayar da maƙwabta. Mahaifinsa maƙerin zinariya ne, ɗan maƙerin zinariya, mahaifiyarsa kuwa ɗinkin hannu take yi wa matan unguwa. Shi ne ƙarami cikin 'ya'ya maza biyu da Allah ya raya musu. Wansa, wanda daga baya kowa ya riƙa kiransa Yaya Maƙeri, ya girme shi da shekara huɗu, kuma tun yana ƙarami aka san shi zai gaji maƙerar.

Maƙerar ɗaki ne mai gajeren rufi da taga ɗaya. Akwai zugazugi a kusurwa, da ɗan kaskon da ake narka zinariya a ciki, da ma'auni a cikin akwatin gilashi, sai jerin tsummoki masu laushi rataye a ƙusa. Waɗannan tsummoki su ne martabar gidan, domin mahaifin ba ya yarda ko ƙwayar ɗan kunne ta fita daga hannunsa sai an goge ta ta yi ƙyallin da mutum zai ga idonsa a ciki. A wurinsa barin zinariya da duhu cin mutuncinta ne, kuma da wannan aƙida ya tarbiyyantar da 'ya'yansa.

A wancan zamani tsofaffin dinarai na shigowa maƙerar a kai a kai. Wani ya tono a gona, wata ta gada a ƙasan akwatin kakarta, sai a kawo a auna, a narka, a mayar da su awarwaro. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya karanta abin da ke rubuce a jikinsu. A shekarar 1945, lokacin da marigayin ya fara iya haɗa baƙi, wata tsohuwa ta kawo dinari ɗaya, ya ɗauka yana juya shi yana karanta rubutun da ya kewaye bakinsa. Ya kai rabin sunan sarkin da aka buga shi a zamaninsa ke nan sai mahaifinsa ya sa hantsaki ya zare shi daga hannunsa, yana cewa, "Kai, nan makaranta ce? Zuga mini wuta." Ya zuga, yana kallo sauran rabin sunan ya narke. Allah kaɗai ya san yawan tarihin da ya bi ta cikin wannan kasko da ire-irensa, kuma ba daidai ba ne a ce jahilci ne kawai ya jawo haka, domin a unguwar akwai masu karatu da yawa. Sakaci ne, irin wanda har gobe muke yi wa ado muna kiransa abin da muka taras.

Karatunsa

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1942, ya wuce ta gaba da ita a 1948, inda malamansa suka shaide shi da natsuwa da kyawun rubutu, da kuma wata ɗabi'a ta tsayawa kan abu ɗaya yana dubansa har a gaji da jiransa. A shekarar 1952 ya sami shiga makarantar horar da ma'aikatan lafiya, sashen gwaje-gwaje, ya kammala a 1955. Mahaifinsa bai hana shi ba, amma bai ɓoye ra'ayinsa ba. An ruwaito cewa idan abokansa suka tambaye shi ina ƙaramin, sai ya ce, "Babban yana duba zinariya, shi kuma ya tafi koyon duba fitsarin mutane. Kowa da rabonsa."

Aikinsa, da yadda ya gano raɓa

Ya kama aiki a ɗakin gwaji na babban asibitin garin a shekarar 1955, kuma a wannan ɗaki mai warin magani ya yi shekara talatin da huɗu yana sunkuye a kan madubin duba jini. A shekarar 1958 ya karɓi wani tsohon dinari daga hannun wansa kafin a jefa shi kasko, ya ba shi zinariyar da ta yi daidai da nauyinsa. Dinarin bai sha hannu sosai ba, kuma yana da wani irin haske mai sanyi wanda bai yi kama da ƙyallin gidansu ba. Wata rana da tsakar rana, abokan aiki sun fita cin abinci, sai ya ɗora shi ƙarƙashin madubin.

Abin da ya gani shi ya sauya rayuwarsa. Fuskar dinarin cike take da wasu siraran layuka da ido ba ya iya gani, sun taso daga tsakiya sun nufi baki, a jere, babu wanda ya hau wani. Ya fahimci cewa sawun bugun farko ne: a lokacin da maƙerin wancan zamani ya ɗora zinariyar tsakanin hatimai biyu na ƙarfe ya sauke guduma, zinariyar ta gudu zuwa gefe, gudun nata kuma ya daskare a wurin. Idan aka karkata dinarin a gaban fitila, haske yakan bi layukan yana kewayawa kamar mai rai. Wato bugu ɗaya na hannun wani bawan Allah da ya rasu ɗaruruwan shekaru, ga shi nan kwance bai gushe ba. Da ya sa wani dinarin da aka goge a maƙerarsu, sai ya ga fili kamar inda kaji suka yi tono, layukan duk sun tafi.

Ya rasa sunan da zai ba wannan haske, sai ya kira shi raɓa, domin abu ne da ke sauka sau ɗaya, kuma yatsa ɗaya ya isa ya kawar da shi, ba ya kuwa dawowa. Daga nan laƙabinsa ya samo asali. Ya kafa wa kansa ƙa'idoji da bai taɓa karyawa ba: ba a riƙe dinari sai ta gefensa, tsakanin babban yatsa da manuni, ba a magana a kansa, don kada tururin baki ya sauka, ba a wanke shi, ba a goge shi, ko da da sunan taimako. Ya kasa dinarai gida huɗu: mai raɓa, mai sauran raɓa, shafaffe wanda hannun 'yan kasuwa ya cinye, da gogagge wanda tsumma ya kashe. Burinsa na farkon ne, kuma yakan bayar da shafaffu da yawa don ya sami mai raɓa guda.

Duk ranar hutu yakan hau kekensa ya bi maƙeru ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ƙullin zinariya a aljihu, yana musanye nauyi da nauyi har da ɗan ƙari. Maƙera sun ɗauke shi abin dariya. Da sun hango shi sai su ce, "Ga Kar-a-goge nan tafe, ku ɓoye tsummokanku." Sun yi ta mamakin ɗan maƙeri mai ba da tsabtatacciyar zinariya yana karɓar mai datti. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa cewa ya nuna masa abin da yake gani.

Aurensa da iyalinsa

A shekarar 1961 ya auri wata malamar lissafi da ke koyarwa a makarantar firamare kusa da asibitin, wadda har ta tsufa Malama ake kiranta. Mace ce mai kaifin baki da taushin zuciya. Ta taras da miji mai albashi wanda ba shi da agogo, ba shi da rediyo, sai wani akwatin katako mai aljihun tebur huɗu, kowane aljihu an shimfiɗa masa auduga. An ce a makon farko ta tambaye shi ko ita ma ta gefe za a riƙa riƙe ta, ya amsa mata da cewa ita ai an yarda a yi magana a gabanta. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1962 da 1975, kuma dukkansu sun tashi sun iya riƙe abu ta gefe kafin su iya ɗaura igiyar takalmi, har faranti da hoto haka suke ɗauka.

Mahaifinsa ya rasu a shekarar 1966, Yaya Maƙeri ya gaji maƙerar da tsummokanta da aƙidarta. Zumuncin 'yan'uwan biyu mai ƙarfi ne, sai dai Yaya Maƙeri bai taɓa daina ganin ƙanensa a matsayin mutumin kirki da wata 'yar larura ta samu ba.

Zuwan Baƙo

A shekarar 1973 aka rushe wani tsohon bango don faɗaɗa titi, leburori suka ci karo da wani ƙaramin tulu da aka liƙe bakinsa. Shugabansu ya kai abin da ke ciki wurin Yaya Maƙeri. Dinarai ne shafaffu, ban da guda ɗaya da aka naɗe shi daban a cikin ulu. Wuta ta riga ta kama, an narka wasu, sai Yaya Maƙeri ya warware ulun, ya duba, ya aika a kira ƙanensa daga asibiti. Da ya iso ya ce masa, "Ga wani nan mai duhu irin wanda kake so. In kana so kawo nauyinsa yanzu, mutumin nan sauri yake."

Marigayin ya ɗauke shi ta gefe, ya kai shi bakin taga ya karkata. Waɗanda suke wurin sun ce a nan ya zauna a ƙasa yana dubansa. Dinari ne da bai taɓa shiga kasuwa ba. Daga ƙarƙashin guduma aka ɗauke shi aka naɗe, raɓarsa cikakkiya daga tsakiya har baki, kowane harafi a tsaye da kaifinsa kamar jiya aka buga. Sunan sarkin da ke jikinsa ya fara da haruffan da ya karanta yana yaro kafin hantsakin mahaifinsa ya katse shi. Ko shi ne ko wani mai irin sunan, bai taɓa yarda ya rantse ba, amma ya karanta sunan har ƙarshe a ranar, a cikin ɗakin da aka hana shi.

Ba shi da zinariya a hannu a wannan rana. Ya garzaya makarantar Malama ya kira ta daga aji, ta saurare shi, ta zare awarwaron hannunta, wanda mahaifiyarta ta bar mata, ta miƙa masa ta koma ta ci gaba da darasi. Awarwaron ne ya shiga kasko a madadin dinarin. Ita ce kuma ta raɗa masa suna Baƙo, tana cewa ba ta taɓa ganin baƙo irinsa ba, ba ya ci, ba ya sha, ba ya gaisuwa, ba ya kuma maganar tafiya.

A shekarar 1981 wata ƙwararriya kan tsofaffin kuɗaɗe daga wata ƙasa mai nisa, wadda ta ga hoton Baƙo, ta yi takakkiya har gidan. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya fuskarta gefe, kamar yadda ƙa'idar gidan ta tanada, ta ce sarkin bai daɗe a mulki ba, dinaransa da aka sani ba su da yawa kuma duk shafaffu ne, wannan kuwa babu matakin da ya wuce nasa a ma'aunin masana. Ta yi tayin saye, ya ƙi. Abin kunya, baƙuwa ta ƙetaro ƙasashe don ta ga abin da ke cikin garinmu, amma a cikin masu digiri na garin, da masu kujeru, da masu jawabin kishin tarihi a taro, babu wanda ya taka ƙafa ya je.

Ritaya, da abin da ya faru a 1990

Ya yi ritaya a shekarar 1989, abokan aikinsa suka haɗa kuɗi suka saya masa tsohon madubin duba jini a matsayin kyautar ban kwana. A shekara mai biye yanar ido ta matsa masa, aka kwantar da shi aka yi masa aiki, aka rufe idanun da bandeji.

A safiyar ranar da za a cire bandejin, bayan Malama ta fita zuwa asibiti, Yaya Maƙeri ya shigo gidan da 'yar jakarsa. Gidan ƙanensa ne, ya san inda mabuɗi yake. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya fito da tsummansa mafi laushi da garin gogewa mafi kyau, ya jawo aljihun sama, inda masu raɓa suke. Ya ƙudurta cewa mutumin da aka wanke wa ido bai kamata ya buɗe shi a kan zinariya mai duhu ba. Ya yi aikin da duk gwanintar da ya gada. Ya gama da dinarai goma sha tara, abin da ƙanensa ya shafe shekara talatin yana tarawa, ya jera su a rana suna walƙiya, sannan ya buɗe ɗan akwatin Baƙo.

Malama ta dawo ne saboda ta manta tabaran da likita ya ce a kawo. Ta ga tabarma, ta ga tsumma a hannun damansa, ta ga hannun hagu ya nufi akwatin. Ba ta taɓa ɗaga wa wan mijinta murya ba sai ranar.

"Yaya! Ɗaga hannunka!"

"Sannu da dawowa. Ai saura wannan ɗaya na gama."

"Don girman Allah ɗaga hannunka, Yaya. Ka gama ɗin."

"Ke kuwa, mene ne na rawar murya? Dubi yadda suka fito. So nake ya buɗe ido ya ga haske."

Ta durƙusa ta ja akwatin ta rungume.

Da aka kawo marigayin gida da yamma, Malama ta so a ɓoye masa, Yaya Maƙeri kuwa, da yake bai san ya yi ɓarna ba, shi ya riƙo hannunsa ya kai shi gaban aljihun da kansa. Abu na farko da sabon idonsa ya gani da kyau ke nan. Ya daɗe a tsaye. 'Ya'yansa sun shaida cewa ba su taɓa ganin fuskarsa ta yi irin wannan fari ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Yaya, ka sha aiki. Hannunka bai tsufa ba." Sannan ya tambayi Malama, "Baƙo fa?" Ta ce, "Yana nan yadda ka bar shi."

Washegari ya aika aka kira wansa, ya zaunar da shi a gaban madubin, abin da ya kamata ya yi tun shekara talatin da suka wuce, kuma shi da kansa ya ce laifin jinkirin nasa ne. Ya sa masa ɗaya daga cikin na jiya, sannan ya sa masa Baƙo, ya karkata fitila a hankali. Yaya Maƙeri ya duba na farko ya ce ai ya yi fes. Ya duba na biyu, ya ƙara matsa idonsa jikin madubin. Maƙeri ne, ya san bugu idan ya gan shi.

"Wannan sawun guduma ne," in ji shi. "Bugu ɗaya ya yi. Dubi yadda ta gudu. Kai, wannan mutum ya iya aiki." Ya ɗago. "Na jiyan nan, su ma haka suke?"

"Kusan haka."

"Da waɗanda na narka? Da na Baba?"

Yaya Maƙeri ya tashi ya fita ba sallama. Daga wannan shekara bai ƙara narka tsohon dinari ba, kuma shi ya karɓi kewayen maƙeru, inda maganarsa ta fi ta ƙanensa nauyi, domin babu mai iya ce masa bai san zinariya ba. Dinarai goma sha taran nan marigayin bai rabu da su ba. Ya ware musu aljihu, yana nuna wa duk mai son koyo abin da ƙauna kan yi idan ba ta tambaya ba.

Makantarsa

A shekarar 1994 aka gano yana da hawan jinin ido, ganinsa ya riƙa tsukewa daga gefe, zuwa 1997 ya rufe gaba ɗaya. A nan ne jarrabawarsa ta gaskiya ta fara. Makaho da yatsa yake gani, shi kuwa yatsunsa sun ƙware har yakan karanta shafaffen dinari da shafa ɗaya ya faɗi zamaninsa. Baƙo kaɗai ne ba shi da hanyar ganinsa, domin hanyar ita ce za ta kashe shi. Bayan 'yan shekaru ya faɗa wa Malama cewa fuskar Baƙo ta fara ɓace masa, ya manta ko wani harafi a sama yake ko a ƙasa, yana ji kamar mutumin da ya manta kamannin mahaifiyarsa.

Iyalinsa suka taru a kansa. Babbar 'yarsa, wadda ungozoma ce, ta ce, "Baba, naka ne fa. Shafa ɗaya me za ta rage?" Ta kawo masa safar hannu ta asibiti, ya ce safa ma tana gogewa, kuma ba za ta bar shi ya ji komai ba. Babban ɗansa ya ce ko raɓar ta ragu zinariya tana nan zinariya, sai ya ce masa, "Ka yi magana kamar kakanka." Yaya Maƙeri ma, wanda ya fi kowa sanin abin da ake magana a kai, ya ce masa wata rana, "Ni na kashe maka goma sha tara a banza. Kai ka kashe ɗaya da dalili, wa zai ce maka don me?"

Amsar da ya bayar 'ya'yansa sun riƙe ta. Ya ce, "Wanda ya buga shi bai taɓa fuskarsa ba. Wanda ya naɗe shi a ulu bai taɓa ba, ga shi kuwa yana cikin tsoron da ya sa shi binne dukiya a bango. Sai ni, don idona ya mutu? Akwai masu ido a baya, Yaya. Ba a haife su ba tukuna." Bai ɓoye cewa yana sha'awa ba. Ya ce idan ya riƙe shi ta gefe babban yatsansa kan motsa da kansa, shi ya sa ya daina riƙe shi idan babu kowa a ɗakin.

Sai Yaya Maƙeri ya zama idonsa. Kowace safiya yakan zo da tabaransa mai kauri, ya zauna bakin taga, ya ɗauki Baƙo ta gefe, ya juya fuska gefe yana ba da labari: ga haske ya taso daga harafin farko, ga shi ya kewaya, ga shi ya faɗa ɗan ramin da ke kusa da baki. Wani lokaci marigayin ya ce ya yi sauri, shi kuma ya ce, "To karɓi idon ka duba da kanka." Malama takan ce tsofaffi biyu sun sami abin yi, ɗaya ba ya gani, ɗaya ba ya jin gyara.

Waƙafin da ya yi

A shekarar 2001, da yardar iyalinsa, ya yi waƙafin tarin dinaransa ga ɗakin karatu na garin, bisa sharaɗin a sa su cikin gilashi, a ajiye madubi kusa da su don ɗalibai, kada kuma a goge su har abada. Baƙo kaɗai ya ce zai zauna da shi har ƙarshen ransa. Shekara uku takardar tana yawo daga tebur zuwa tebur. Tambayar farko da aka yi masa ita ce nauyinsu nawa. Da aka zo shirin buɗe ɗakin, wani babban jami'i ya leƙa gilashin ya ce sun yi duhu, a samo wanda zai ɗan goge su kafin manyan baƙi su iso. Yaya Maƙeri, yana da shekara saba'in da huɗu, ya miƙe da sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne gwanin gogewa a garin nan, ga aikina can a aljihu na ƙasa. Je ka duba a madubi. In ya burge ka, sai ka kawo tsumma." Jami'in bai je ya duba ba, amma bai ƙara maganar ba.

Wannan shi ne halinmu, kuma dole a faɗa. Muna son ƙyalli, ba ma son dubawa. Muna fenta tsohon gini mu ce mun gyara, muna kankare abin da ba mu fahimta ba mu ce mun tsabtace. Yaya Maƙeri aƙalla ƙauna ce ta sa shi, kuma da aka nuna masa ya duba. Mu da muka yi karatu, wane uzuri ne gare mu?

Rasuwarsa

Jikinsa ya yi rauni a farkon shekarar 2006. A safiyar ranar da zai rasu, da hankalinsa garau, ya ce a kawo masa Baƙo. Yaya Maƙeri ya sa masa shi tsakanin yatsu biyu. Hannun yana rawa, duk wanda ke ɗakin kuma ya ga babban yatsan yana karkata zuwa fuskar dinarin yana komawa. Malama, wadda awarwaronta ya fanshi dinarin shekara talatin da uku da suka wuce, ta sunkuya ta ce, "Malam, taɓa shi. Wallahi babu mai ganin laifinka. Rabinsa ma nawa ne, na yafe."

Ya yi murmushi, ya kawar da fuskarsa gefe kafin ya yi magana.

"Yaya, raɓar tana nan?"

"Tana nan. Daga tsakiya har baki."

"To karɓe shi. Hannuna ya fara rawa."

Ya rasu da la'asar ɗin ranar yana da shekara saba'in da biyu. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka binne shi a tsohuwar maƙabartar garin kusa da mahaifinsa. Maƙeran unguwa, 'ya'ya da jikokin waɗanda suka riƙa kiransa Kar-a-goge, sun rufe maƙerunsu, su suka ɗauki makararsa. Bayan an share makoki Yaya Maƙeri ya kai Baƙo ɗakin karatu da ƙafarsa, bai yarda kowa ya riƙe masa akwatin ba. Shi ma ya rasu bayan shekara biyu.

Marigayin ya bar matarsa Malama da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa ungozoma, babban ɗansa injiniyan ruwa, mai bi masa, malamin makaranta, sai tela, wadda ta gaji hannun kakarta, da autansu, wadda ta karanci adana kayan tarihi kuma ita ke riƙe da mabuɗin gilashin a yau. Ya bar jikoki goma sha shida. Ya kuma bar dinari ɗaya wanda ya zauna a hannunsa shekara talatin da uku, tara daga ciki yana makaho, kuma duk wanda ya je ya sa ido a madubin zai tabbatar babu sawun yatsa ko ɗaya a fuskarsa. Ɗakin a buɗe yake, ba a biyan ko kwabo, mafi yawan ranaku kuwa kujerar gaban madubin babu kowa a kanta. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa masu idon da ya bar wa Baƙo su zo.